Kowa na ƙarar ABS, na canza shi, matsalar ta dawo: ta ina zan kama mai laifin?

Mai Rewaya ya rubuta:

Assalamu alaikum manyanmu da abokan sana'a. Shekarata tara ina aikin wayar mota, amma yau kwana goma sha ɗaya wata mota tana hannuna ta hana ni sakat. Wallahi nauyin mai ita nake ji, don a kan maganata ya riga ya kashe kuɗinsa.

Ƙaramar mota ce ƙirar 2012, mai canza giya da kanta. Da safe takan tashi lafiya lau. Sai an yi tafiyar minti ashirin zuwa talatin, injin ya ɗauki zafi, musamman in aka hau gargada, sai fitilun dashbod su kunnu lokaci guda, ta ABS (na'urar da ke hana tayoyi kullewa in an taka birki) da ta birki da ta injin. Allurar gudu ta faɗi sifili alhali mota tana tafiya, giya ta maƙale a ta uku. In ka sauka gefen titi ka kashe, ka ɗan jira ka sake tayarwa, sai ka rantse ba ita ba ce.

Na sa ta a kwamfuta. Ƙwaƙwalwar injin, wato ƙaramar kwamfutar da ke sarrafa shi, ta ba ni lambar matsala U0121. Ta giya ma U0121. Dashbod shi ma haka. Su ukun duk cewa suke sun daina jin ABS. Da na shiga ABS ɗin kansa sai na tarar da U0073 da U0100 (ta biyun na nufin shi ma ya daina jin injin). Da na ga shaidu uku sun nuna abu ɗaya, sai na ce wa mai motar ƙwaƙwalwar ABS ce ta lalace. Aka samo wata, na ɗaura, na goge lambobin. Kwana huɗu tana tafiya ba ko tari. A rana ta biyar ya dawo min da ita, da lambobin nan dai, ba ƙari ba ragi.

Abin da na auna: na cire kan batir, na sa mita tsakanin ƙafa ta 6 da ta 14 a soket ɗin OBD, inda ake jona kwamfutar gwaji, na samu om 60. Da makulli a kunne, a wayoyi biyun layin CAN da ƙwaƙwalen motar ke magana a kansa, CAN-H na ba ni bolt 2.6, CAN-L 2.4. Batir 12.6 a kashe, 14.1 injin na aiki. Fis duk lafiya.

Na taɓa jin cewa ƙwaƙwalen da kansu suna jefa wata alamar kuskure a kan layi idan saƙo ya lalace, kuma wanda ya iya karanta ta zai gane inda ciwon yake. Wani abokina ya ara min osiloskop mai baki biyu, na'urar da ke zana igiyar wuta a gilashi. Na jona, ina ganin igiyoyi na wucewa, amma ban san me zan nema a ciki ba. Don Allah wanda ya sani ya fahimtar da ni. Ba na so in sake cewa bawan Allahn nan ya sayi wani abu sai na gani da idona.

Tsohon Hannu ya amsa:

Wa alaikumus salam. Ɗana, sannu da ƙoƙari. Ka yi daidai da ka tsaya ka yi tambaya kafin ka sa a sayi na biyu.

Lambar da ta fara da U shaida ce ta wanda bai ji ba. Injin ya ce bai ji ABS ba, gaskiya ya faɗa. Amma bai ce maka ABS ya mutu ba. Ana iya rasa jin mutum don ya bebance ko ya suma, ko don ƙofar da ke tsakaninku ce a rufe. Ƙwaƙwalwar da wutarta ke yankewa, da wadda wayarta ta jikin mota ta yi tsatsa, da wadda layinta ya tsinke, da wadda ta ƙone da gaske, duk U0121 ɗaya sauran za su rubuta a kanta.

Om 60 ɗin da ka samu ma kada ya kwantar maka da hankali. Layin yana da rizisto biyu masu om 120, ɗaya a kowane ƙarshe, yawanci a cikin ƙwaƙwale biyu suke. Su ne in an haɗa suke ba ka 60. Wato abin da mitarka ta tabbatar shi ne uwar layin, daga wannan ƙarshe zuwa wancan, a haɗe take a lokacin da ka auna, mota a tsaye, a sanyaye. Ƙwaƙwalwar da ke rataye a reshe, wadda babu rizistan ƙarshe a cikinta, ko da almakashi ka yanke reshenta 60 za ka ci gaba da gani. Duba zanen wayar motar ka ga ko ABS ɗinka a reshe yake.

Kuma kwana huɗun nan ka riƙe su da kyau. Da ka zo canza ABS ai ka ja damin wayar, ka cire soket ka mayar. Sau nawa na ga haka: ba sabon kayan ne ya gyara ba, taɓa wayar da aka yi ce ta sa bakin da ya saki ya koma ya zauna na ɗan lokaci.

Wuta da wayar jiki kuma kada ka gwada su da mita kaɗai. Silin waya ɗaya tal da ya rage zai nuna maka bolt 12. Sa ƙwan fitilar gaba a kai ya ja wuta, kana jijjiga wayar, ka ga ko haskensa zai yi rawa.

Injiniya ta amsa:

Malam, Baba ya riga ya ba ka rabin aikin. Bari in ɗora da abin da ka tambaya, don lambar da ta fi min muhimmanci a cikin jerinka ita ce U0073 da ka samu a cikin ABS, ba U0121 guda ukun nan ba.

Kamfanin Bosch ne ya fito da tsarin CAN a 1986, kuma tun daga tushe an gina shi ne a kan cewa babu shugaba a layin. Kowa na magana, kowa na sauraro, har mai maganar yana sauraron kansa. Layin yana da hali biyu. Idan ba wanda ya danna shi, wayoyin biyu suna zaune a wajen bolt 2.5. Idan wani ya danna, CAN-H ya hau wajen 3.5, CAN-L ya sauka wajen 1.5, tazarar ta zama kusan bolt 2. Dannawar ita ke da rinjaye: ko ƙwaƙwalwa goma sun saki, ɗaya ta danna, abin da kowa zai gani danne ne. A kan wannan rinjayen aka gina komai.

Akwai wata doka: mai aika saƙo ba ya jera bit (kowane dannawa ko saki ɗaya a cikin saƙo) iri ɗaya fiye da biyar. In ya jera biyar, dole ya cusa kishiyarsu guda ɗaya, masu karɓa su cire ta. To duk ƙwaƙwalwar da ta ga saƙo ya lalace, sai ta karya dokar nan da gangan, ta danne layin na tsawon bit shida a jere. Wannan ita ce alamar kuskuren da ka ji labari. Da sauran suka ga shida a jere sai su gane an ɓata saƙon, su watsar da shi, su ma su ɗora tasu alamar a kai. Shi ya sa tsawonta kan kama daga bit 6 zuwa 12. Daga nan layi ya yi shiru na bit takwas, da ɗan taƙi, sai mai saƙon ya sake aikawa.

Abubuwa biyar ne ke jawo ta. Mai aikawa ya saki layi amma ya ji shi a danne, ko akasin haka. An ga bit shida iri ɗaya a tsakiyar saƙo. Lissafin tantancewa na CRC da ke wutsiyar saƙon bai yi daidai da abin da aka karɓa ba. Wani gurbi da aka san siffarsa ya zo a karkace. Ko kuma an gama aikawa ba wanda ya danna gurbin ACK don ya ce na ji.

Ga inda abin ya shafe ka. Kowace ƙwaƙwalwa tana riƙe da ƙidaya biyu, ta kuskuren aikawa, TEC, da ta kuskuren karɓa, REC. In tana aikawa saƙon ya lalace, a ƙara mata 8. In karɓa take yi, yawanci 1 ne. In saƙo ya wuce lafiya, a rage 1. Ka ga hukuncin mai aikawa ya fi tsanani nesa ba kusa ba, kuma da gangan aka yi haka. Idan ƙidayar ta kai 128, sai a rage mata murya: tana iya magana, amma alamar kuskurenta ta koma ta saki, ba ta iya ɓata saƙon kowa. Idan TEC ya haura 255, sai ta cire kanta daga layin baki ɗaya. Wannan ficewar ce U0073 ke ba ka labari. Lissafa ka gani, kuskure 32 a jere sau 8 ya kai 256. A layin da ke gudun kilobit 500 a sakan, saƙo ɗaya wajen kwatan milisakan yake ɗauka. Kafin direba ya ƙifta ido ABS ya fice, sauran suka jira shi ba su ji ba, kowa ya rubuta U0121, allurar gudu ta faɗi tunda a motarka da alama daga ABS ake samun gudun ƙafafu.

To ka lura da wannan. Ƙwaƙwalwar da wutarta ta yanke ba ta rubuta U0073, don ba ta farke balle ta ƙirga kuskure. ABS ɗinka a farke yake, yana ta ƙoƙarin magana, maganar ce ke lalacewa a hanya. Kuma shi kaɗai ya fice. Da a uwar layin matsalar take, misali wayoyin biyu suna haɗewa, da kowa ya sha, da ka ga lambobin U sun watsu ko'ina kowa na ƙarar kowa. ABS biyu daban-daban sun yi ciwo iri ɗaya a kujera ɗaya. Ni kujerar nake tuhuma, wato reshen da ke tsakanin soket ɗinsa da inda ya haɗu da uwar layi.

Mai Rewaya ya sake rubutawa:

Baba, Allah ya ƙara girma. Na duba zanen, ABS a reshe yake kamar yadda ka ce, rizistocin suna cikin injin da dashbod. Na gwada da ƙwan fitila, wuta da wayar jiki ba su yi ko gezau ba.

Injiniya, Allah ya saka da alheri, yau na fahimci abin da na shekara ina gani ban gane ba. Amma saƙonni dubbai ke wucewa a gilashin na'urar. Ta yaya zan kama guda ɗayan da ya lalace?

Injiniya ta amsa:

Ba da ido za ka kama shi ba, na'urar za ka sa ta yi maka gadi. A gudun kilobit 500, bit ɗaya mikrosakan 2 ne. Saƙo lafiyayye ba ya danne layi fiye da bit biyar, wato mikrosakan 10. Alamar kuskure kuwa daga 12 take farawa, ta kai har 24, wani lokaci ta ɗan fi in ta hau kan dannen da ke gabanta. Baki ɗaya a CAN-H, ɗaya a CAN-L. A wajen saita abin da zai tsayar da hoto, zaɓi faɗin bugu, ka ce ta tsaya duk lokacin da CAN-H ya zauna sama da bolt 3 fiye da mikrosakan 11. A layi mai lafiya za ka daɗe ba ta tsaya ba. Ka ajiye wurin tsayawar can gefen dama na gilashin, don abin da kake so shi ne abin da ya faru kafin alamar. Alamar ihu ce kawai, ɓarnar tana gabanta.

In na'urar tana fassara CAN, duba lambar shaidar saƙon da ake katsewa. In kullum saƙo ɗaya ne ko na gida ɗaya, ka samu mai shi. In kowane saƙo ake sara ba zaɓi, to ko hayaniyar lantarki ce ke shigowa daga waje, irin ta kwayil ko altaneta, ko wata ƙwaƙwalwa ce kunnenta ya lalace take ihu a kan maganar kowa. In ba ta fassarawa, duba tsayin igiyar. Kowace ƙwaƙwalwa da ɗan bambancin tsayinta, da sannu za ka fara gane su kamar muryoyi.

Sai ka bar injin ya yi zafi, wani ya riƙa bin damin wayar yana lanƙwasawa taku-taku, kai idonka na kan gilashi.

Mai Manyan Motoci ya amsa:

Oga, ni tirela da tifa nake yi, namu J1939 ne, tsarin CAN na manyan motoci, yawanci kilobit 250, waya rawaya da koriya, amma dokar ɗaya ce. A namu bit ɗaya mikrosakan 4 ne, don haka duk lissafin Injiniya sai a ninka shi biyu. Na faɗi haka ne don wanda zai karanta daga baya kada ya ɗauki 11 ya tafi da shi ko'ina. Fara sanin gudun layinka.

Inda zan ɗan saɓa da ita shi ne, kada ka sallami uwar layi tun yanzu. Layin nan yana da jimiri, kuma jimirin nasa na ruɗa mutum. CAN-L na iya gogar jikin mota a ci gaba da magana a daddafe, amma CAN-H ya taɓa jiki, shiru kake ji. Rizista ɗaya ya fita, mita ta nuna 120, mota na iya tashi ta yi tafiya, sai dai igiyar na yin amsa-kuwwa a gefunanta, kuma wanda ya fi nisa ko ya fi yawan magana shi zai fara cika 255 ya fice. Sai a kama shi, alhali ciwon na kowa ne. Na taɓa samun om 40 a wata mota, ashe wani ya ɗaura na'urar bin sawu mai nata rizistan, suka zama uku. Ka tambayi mai motar ko an taɓa jona mata wani abu, rediyo ko na'urar tsaro.

Sannan ƙafa ta 6 da ta 14 ba kullum suke kai ka cikin gida ba. A motoci da yawa, musamman na baya-bayan nan, akwai ƙwaƙwalwar da ke tsaron ƙofa tsakanin soket ɗin OBD da sauran layukan. A irinsu abin da ka auna a soket layin baƙi ne kawai, rigimar na can ciki ba ka gani. Tunda ka ce kana ganin saƙonni na gudu ba tare da ka jona kwamfuta ba, da alama taka kai tsaye ce. Duk da haka ni a bayan soket ɗin ABS zan soka allura, in kwatanta da abin da ke OBD.

Mai Rewaya ya dawo:

Jama'a, Alhamdu lillahi, an kama shi. Bari in faɗa muku yadda aka yi dalla-dalla, ko wani zai amfana.

Na saita na'urar yadda Injiniya ta ce. Injin a sanyaye, minti goma sha biyar ba ta tsaya ko sau ɗaya ba. Mai motar ya ce ba a taɓa jona mata komai ba, na leƙa bayan rediyo da ƙarƙashin sitiyari ban ga baƙuwar waya ba. Da fanka ta fara kunnuwa sai na sa yarona ya fara bin damin daga soket ɗin ABS. A soket ɗin kansa ba abin da ya faru. Ya yi gaba kamar taƙi biyu, ya kai hannu ƙarƙashin mazaunin batir, inda wani ƙaramin soket na tsakiya yake maƙale a jikin ƙarfe, wanda ni ban ma taɓa lura da shi ba. Yana taɓa shi hoton ya tsaya cak.

Abin da na gani ba zan manta da shi ba. Saƙon ya faro da kyau, CAN-H na hawa, CAN-L na sauka, kamar mutum da inuwarsa a ruwa. Ana tsakiyar tafiya sai CAN-H ya daina hawa. Maimakon su rabu, sai wayoyin biyu suka riƙa nutsewa ƙasa tare, babu tazara a tsakaninsu. Can sai ga dogon danne, na auna shi da layukan na'urar, ya haura mikrosakan 12. Na ce yaron ya saki, ya sake dannawa. Sau shida muna yi, sau shida tana tsayawa, a na ƙarshe fitilar ABS ta kunnu a dashbod muna tsaye a wuri ɗaya. Na bi shawarar Mai Manyan Motoci na mayar da ɗaya daga bakunan na'urar bayan soket ɗin ABS. A can CAN-H na hawa abinsa, har ya fi ƙa'ida tsayi, a daidai lokacin da na wajen OBD ke nutsewa. Wato ABS na magana, maganar ce ba ta ƙetare soket ɗin nan.

Da na ɓalle shi, robar da ke hana ruwa shiga ta tsage ta gefe ɗaya. Ƙafar CAN-H ta yi kore shar, macen kuma bakinta ya buɗe, na zura sabuwar ƙafa a ciki ta zame ba ta kama ba. Ta CAN-L da ke kusa da ita tsaf take kamar yau aka yi ta. Da na murza wayar a bayan ƙafar sai na ji ta yi tauri, na fere robar, koren ya ci cikinta kusan tsawon ɗan yatsa. Na yanke har inda jan ƙarfen ke ƙyalli, na sa sababbin ƙafafu mace da namiji da sabuwar roba, na mayar da murɗin wayoyin biyu yadda yake har bakin soket.

Sai na yi abin da ya fi damuna tun farko: na sauke ABS ɗin da aka sayo na mayar da nasa na asali. Yau kwana shida, na bi da ita gargada da kaina fiye da awa ɗaya, na'urar na jone a kujerar gefe, ba ta tsaya ba ko sau ɗaya, ba lamba ko ɗaya. Na kira mai motar na faɗa masa gaskiya cewa nasa lafiyarsa ƙalau, kuskuren nawa ne, kuma ni zan san yadda zan yi da wanda aka sayo a mayar masa da kuɗinsa.

Injiniya, saura tambaya ɗaya. Akwai wata mota da ta zo jiya, gilasan ƙofa da fitilun ciki ne ke ɗaukewa su dawo, kuma a kan wayoyinta ban samu om 60 ba, wutar ma ba 2.5 ba ce, ɗaya na kusa da 5 ɗaya na kusa da sifili. Wannan shi ne CAN mai tafiyar hawainiya da ake cewa yana iya aiki da waya ɗaya? In shi ne, mikrosakan nawa zan sa wa na'urar?